Sayen kat-kat mai ɗaukar kaya: a tambayi hanya da bakanike kafin a biya



Ranar Larabar da ta wuce wani aminin yayana, ɗan kasuwar hatsi da wake a nan Maraɗi, ya aiko yaro a kira ni bayan sallar la'asar. Na iske shi a zaure bisa darduma, da takardu uku shimfiɗe a gabansa, dukansu da Faransanci. Bayan mun gaisa sai ya turo mini su, ya ce: "Ƙanena, kai ne ka yi lakkwal. Karanta mini waɗannan, ka faɗa mini tsakaninka da Allah, wace ce mota a cikinsu?"

Takardun farashi ne na kat-kat mai buɗaɗɗen baya, ɗaya daga wani dillali a Yamai, ɗaya daga Lome, ɗaya daga Dubai. A ƙarƙashin kowace mota an jera abubuwan da mai saye ke iya ƙarawa, kowane da kuɗinsa. Alhaji ya riga ya sa ɗansa ya yi alama a gaban abin da ransa ke so: kujerun fata, janti masu walƙiya, allon kallo a gaban direba, da gilashi mai duhu. Tankin mai na biyu, da tayar ajiya ta biyu, da matacin da ke raba ruwa da gazuwal, babu wanda ya samu alama.

Na ce masa: "Alhaji, Faransanci dai ina iya fassara maka shi, amma wanda zai gaya maka wace ce mota ba ni ba ne. Gobe da safe mu tafi garajin da ka saba kai gyara." Haka kuwa aka yi. Tsohon bakaniken, wanda ya fara riƙe sufana tun zamanin Peugeot 404, bai ko dubi takardun ba. Ya goge hannu da tsumma, ya ce: "Alhaji, ina za ta riƙa zuwa? Me za ta riƙa ɗauka? In ta lalace a can, wa zai taɓa ta?" Abin da na ji a wannan garaji, da abin da na ƙara bincikawa, shi na kawo muku yau, domin maganar ta shafi ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa na shekaru cikin mota ɗaya, ta kuma shafi ma'aikacin da ke rubuta takardar odar motoci da kuɗin talakawa.

Daga bashe zuwa kat-kat

Manyanmu sun tuna lokacin da bashe ke mulkin hanyoyin ƙasar nan, 404 da farko, sannan 504, wadda masana'antar Peugeot ta Kaduna, da aka buɗe a 1975, ta riƙa haɗawa. Bashe ba ta da ƙafa huɗu, amma kowane ƙauye mai kasuwa yana da wanda ya iya kwance ta ya ɗaura. Daga baya Toyota ta karɓe fage. Land Cruiser samfurin 70 ta fito a 1984, mai buɗaɗɗen baya da ake kira 79 ta maye gurbin 75 a 1999, mai ƙofa huɗu kuma ta zo a 2012. Hilux ta girme ta, tun 1968 ake ƙera ta. Akwai kuma Mitsubishi L200, Nissan Navara, Isuzu D-Max, Ford Ranger, da motocin Sin irin su Great Wall da JAC, waɗanda suka shigo da sauƙin farashi.

Darasin da bashe ta bar mana shi ne, mota tana daɗewa ne a inda ake samun kayan gyaranta da hannun da ya san ta. Waɗanda suka ga faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 sun tuna yadda kuɗin kayan gyara ya ninka cikin dare ɗaya, motoci da yawa suka kwanta. Haka nan bayan an rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina Faso, abin da a da ke isowa cikin ƴan kwanaki ya koma ɗaukar satuttuka. Duk wanda ke da mota mai baƙon inji ya ji a jikinsa.

Hanya ce ke zaɓen mota

Kada mutum ya zaɓi mota saboda hanyar da yake bi kullum. Ya zaɓe ta saboda hanya mafi muni da sana'arsa ke tilasta masa bi. Wanda aikinsa bai wuce guduron Yamai, Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram ba, sai ɗan ratse zuwa gona ko kasuwar ƙauye, Hilux ko wata mai kama da ita ta ishe shi. Ta fi saurin tafiya, ta fi ƙarancin shan mai, ta kuma fi taushi, domin ƙafafunta na gaba kowace tana motsi ita kaɗai.

Wanda kuwa ke shiga rairayin arewacin Dakoro wajen Bermo, ko duwatsun Adar, ko ya wuce Tanut ya nufi Agadas, ko ya keta Tenere zuwa Dirku da Bilma, a nan ne 79 ke nuna amfaninta. Ƙafafunta na gaba da na baya kowane biyu suna bisa sandar ƙarfe guda mai kauri, bayanta kuma bisa resor mai ganye-ganye yake. Tana da tauri a gargada, fasinja yana jin ta a ƙugu, amma abin da zai karye a cikinta kaɗan ne, wanda ya karye kuma mai walda yana iya ɗaure shi har a iso gari.

Sai maganar ƙofa biyu ko ƙofa huɗu. Mai ƙofa huɗu tana ɗaukar mutum biyar a inuwa, shi ya sa ma'aikatu da ƙungiyoyi suka fi son ta. Sai dai abin da aka ƙara wa mutane, daga wurin kaya aka rage shi. Bayanta gajere ne, kuma yawancin nauyin yana sauka ne a bayan ƙafafun baya. Idan aka labta mata buhuna aka shiga gargada da gudu, a nan ne ake ganin shasi ya lanƙwashe tsakanin ɗakin direba da wurin kaya. Ɗan kasuwar da buhu ne abincinsa, mai ƙofa biyu ce tasa.

Kowane ƙari yana cin buhu

A jikin kowace mota akwai ɗan faranti, a kart giris kuma akwai layi, inda aka rubuta PTAC, wato iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. Idan aka cire nauyin motar ita kaɗai, abin da ya rage shi ne kayan da aka yarda ta ɗauka. Ga irin waɗannan motoci bai cika wuce tan ɗaya da ƴan kai ba, wasu ma ba su kai ba.

To, mu yi lissafi. Tan ɗaya buhun gero goma ne masu kilo 100, ko buhun siminti ashirin. Direba da karen mota, a ce kilo 150. Durom na gazuwal mai lita 200, shi da ƙarfensa, ya kusa kilo 190. Tayar ajiya ta biyu da jantinta, wajen kilo 40. Jarkar ruwa biyu, kilo 50. Ƙarfen kariya na gaba da na'urar janye mota in ta kafe, a ce kilo 100. Kafin a ɗora buhu ko ɗaya, an riga an cinye fiye da rabin tan. Ashe duk abin da aka maƙala wa mota ana biyansa sau biyu ke nan: ranar saye, da kuma kowace tafiya, cikin buhunan da aka bari a ƙasa.

Na san abin da wasu za su ce: ai muna ɗora mata tan biyu tana tafiya. Gaskiya ne tana tafiya, kuma gaskiya ne ana ƙara mata ganyen resor don kada ta durƙusa. Amma ƙarin resor ba ya ƙara ƙarfin birki, ba ya ƙara kaurin shasi, ba ya kuma ƙara wa taya juriya. Kayan da aka tula sama kuwa, musamman bisa mota mai tsayi da ƙarancin faɗi kamar 79, su ne ke kifar da ita a kwana. Wanda kasuwarsa ta kai tan uku a kowace tafiya, ƙaramin kamyo yake bukata, kuma sau da yawa kamyon ya fi kat-kat araha.

Inji: tsoho mai haƙuri ko sabo mai ƙarfi

A nan ne aka fi tafka asara. Injin da ya yi wa Land Cruiser suna a Sahel shi ne 1HZ, mai silinda shida da lita 4,2, wanda aka fara ƙerawa a 1990. Ba shi da turbo, ƙarfinsa wajen doki 130 ne kacal, kuma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da ke ba shi umarni. Ba ya gudu, amma yana da haƙuri da mai marar kyau, kuma da wuya a samu babban gari daga Gaya zuwa Ngigmi da babu bakaniken da ya san cikinsa. A wajen Hilux akwai ɗan'uwansa, 5L-E mai lita 3, shi ma babu turbo.

A ɗaya gefen akwai sababbin injuna: V8 mai lita 4,5 da ya fito a 2007, da mai silinda huɗu da lita 2,8 wanda aka sa wa samfurin 70 a 2023, har da giya mai canza kanta. Waɗannan ƙarfinsu ya kai wajen doki 200, suna hawan tudu da kaya ba tare da nishi ba, mai lita 2,8 kuma ya fi tsohon tsimin mai. Sai dai suna fesa gazuwal ne da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙofofin da suka kusa sirantar gashi. Ɗigon ruwa ko ƙurar da tsohon inji zai haɗiye ya wuce, su tana iya kashe musu anjekter da famfo gaba ɗaya, kuma ba a gane ciwonsu sai an haɗa su da na'urar bincike.

Ba ina cewa sabon inji ba shi da kyau ba ne. Wanda ke shan mai a gidan mai na ƙwarai, yana kuma kwana a garin da ke da garaji mai na'ura, zai ji daɗinsa. Wanda ke sayen mai a jarka ko a durom a bakin kasuwar daji, ya yi tunani sau biyu. Kowanne mutum ya zaɓa, ya biya kuɗin ƙarin mataci mai raba ruwa da gazuwal tun ranar farko. Kuɗinsa bai kai na anjekter ɗaya ba.

Gazuwal ko esansi

A da wannan ba tambaya ba ce, kowa gazuwal yake nema. Amma lissafi ya canza. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a Nuwamban 2011 ƙasarmu ke tace manta, kuma a Agustan 2022 an ɗaga litar gazuwal daga 538 zuwa 668. A Yulin 2024 gomnati ta rage farashi, ta tsayar da esansi a kan 499, gazuwal a kan 618. Wato gazuwal ya fi esansi tsada.

Mu ɗauki misali da waɗannan farashin. A ce mota tana cin kilomita 30.000 a shekara. Mai gazuwal, in tana shan lita 12 a kilomita 100, za ta sha lita 3.600, kuɗinsu 2.224.800. Mai esansi, in tana shan lita 16, za ta sha lita 4.800, kuɗinsu 2.395.200. Bambancin jika 170 ne da ƴan kai a shekara guda. Kowa ya sa nasa adadin ya gwada, amma zai ga ratar ba ta kai yadda ake zato ba, ga shi injin esansi, irin V6 mai lita 4 na 79 ko mai lita 2,7 na Hilux, sau da yawa ya fi sauƙin kuɗi wajen saye da wajen gyara.

Abin da ke riƙe gazuwal a gaba shi ne nisan zango da tanki ɗaya, da ƙarfin ja a rairayi, da kuma aminci: durom na esansi a bayan mota cikin zafin Afirilu haɗari ne babba. Kada kuma kowa ya gina lissafinsa bisa ruwa-ruwan da ke shigowa daga Najeriya. Tun da aka janye tallafin mai a can a Mayun 2023 arhar nan ta kau, kuma ƙarancin esansin da aka sha a Maris na 2025 ya nuna mana cewa kowane mai yana da ranar tsiyarsa.

Abin da ya cancanci kuɗinsa

Taya ce farko. A nemi taya ta ɗaukar kaya, mai kaurin gefe, a kuma karanta lambar nauyi da ke jikinta: 112 tana nufin kilo 1.120 ga taya ɗaya, 120 tana nufin kilo 1.400. A duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan kalmar DOT: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Tayar da ta shekara biyar ko shida a sito tsohuwa ce ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Girman 16 shi ne aka fi samu a kasuwanninmu. Jantin ƙarfe in ya lotse ana buga shi da guduma ya miƙe, mai walƙiya kuwa tsagewa yake yi. Tayar ajiya biyu, da kirik mai ƙarfi, da famfon iska mai aiki da batir, domin a rairayi sai an rage iska, in an fito kuma sai an mayar.

Na biyu tankin mai. Wasu 79 masu ƙofa biyu suna zuwa da tanki biyu na lita 90 kowane, masu ƙofa huɗu kuma da ɗaya na lita 130. Man da ke cikin tankin da masana'anta ta ɗaura a ƙarƙashin mota ya fi wanda ke cikin durom tsabta, ba ya cin wurin kaya, ba ya kuma ɗaga nauyi sama.

Na uku bututun shan iska da ke hawa ta gefen gilashi. Mutane da yawa suna zaton don ketare ruwa aka yi shi. A ƙasarmu babban aikinsa shi ne ya ɗebo iska daga sama, nesa da ƙurar da tayoyi ke tayarwa. Kada ya ruɗi direba ya faɗa gulbi ko ƙorama mai gudu da damina, domin ruwan da ya kai ƙofa yana iya tafiya da motar ko injin bai sha ko ɗigo ba.

Na huɗu makullin da ke tilasta wa ƙafafun baya biyu su juya tare. Ga mai shiga taɓo da duwatsu ya fi na'urar janye mota amfani, tunda a filin da babu itace babu inda za a ɗaura igiya. Sai dai a koya wa direba cewa wannan makulli, da ita kanta ƙafa huɗun, ba a barin su a kunne bisa busasshen guduro.

Na biyar abin da ke kare rai: bel ga kowace kujera, jakar iska, da birki mai ABS. Wannan ba wurin tsimi ba ne. Kilim ma ban sa shi cikin kayan alatu ba. Direban da ya yi sa'a takwas cikin zafin da ya haura 40, ƙura na shiga masa ido, shi ne ke gyangyaɗi da la'asar. Farin fenti kuma ya fi rage zafi, ya fi saurin samun mai saye ranar da za a rabu da motar.

Kujerun fata, allon kallo, ƙarafa masu ƙyalli da fitilun ado kuwa, babu wanda zai ƙara wa mota buhu ɗaya ko ya fitar da ita daga rairayi. A tuna kuma cewa duwan suna lissafi ne bisa darajar motar duka, TVA kaɗai kashi 19 ne cikin ɗari, saboda haka kowane ado yana jawo nasa harajin.

Manyan motocin Amurka da tsofaffin Turai

Wasu matasa suna nuna mini hotunan Ford F-250 da F-350, da Ram 2500, da Chevrolet Silverado, suna cewa ga motoci. Lalle motoci ne: injin gazuwal na Ford da na Ram lita 6,7 ne, na Chevrolet 6,6. Amma an ƙera su ne don jan manyan tirela bisa faffaɗan titunan Amurka. Suna bukatar gazuwal mai ƙarancin ƙibiritu ƙwarai, da wani ruwa na musamman da ake zubawa don tsabtace hayaƙi, nauyinsu da kaya kuma ya zarce tan 3,5 da permi B ya yarda da shi. In ƙaramin abu ya lalace a Tasawa, sai a jira jirgi.

Haka nan kat-kat ɗin da aka yi don kasuwar Turai a shekarun nan, tana ɗauke da matacin hayaƙi da tankin AdBlue. Idan matacin ya toshe, kwamfuta tana rage ƙarfin inji, in ruwan ya ƙare kuma tana iya hana shi tashi. Mai sayen ta hannu ya leƙa ƙarƙashinta ya nemi tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan can da sanyi. Ya guji wadda aka ƙera da sitiyari a dama aka maido shi hagu a wani garaji. Ya gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke cikin takardu, ya kuma ga takardar duwan da idonsa kafin ya ƙirga ko dala.

Kalma ga ma'aikata

Duk wanda ya taɓa shiga farfajiyar wata ma'aikata a jihohinmu ya ga motocin da ke zaune bisa bulo, tayoyi sun tafi, awaki na kwana a ƙarƙashi. Da yawansu ba tsufa ya kashe su ba. An saye su ne bisa kundin sharuɗɗan da wani ya kwafo a ofis, wanda bai taɓa bin hanyar da motar za ta bi ba, kuma ba a ware ko tamma ta gyara ba.

Ina roƙon masu rubuta irin wannan kundi su tuntuɓi direbobi da shugaban garajin ma'aikata kafin su sa hannu. A riƙa sayen iri ɗaya, domin kayan gyaran wannan su shiga waccan. A sa cikin kwangila kayan gyara na shekara biyu, da horon direba, da garantin da za a iya nema a cikin ƙasa. Motar shugaban ma'aikata da ke yawo a Yamai da motar da za ta kai allurar rigakafi rugagen Abalak ba bukatarsu ɗaya ba. Ranar da motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙi tashi saboda wata ƴar na'ura da babu irinta sai a Dubai, mace mai naƙuda ce ke biyan kuskuren da aka yi a ofis.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗi. Tun yaƙin Cadi na 1987, lokacin da sojojin ƙasar suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum bisa Toyota, duniya ta san abin da motar nan ke iyawa. Ɓarayi da ƴan bindiga ma sun sani. Wanda zai sayi 79 ya sa wannan cikin lissafinsa: na'urar bin sawu da aka ɓoye, asiransin da ya haɗa da sata, da bin umarnin hukuma game da hanyoyin da ake shiga da rakiya.

Yadda muka ƙare da Alhaji

Mun shafe kusan sa'a biyu a garajin. Da Alhaji ya lissafa kasuwannin da yake ci daga kaka zuwa bazara, sai ya tarar fiye da rabinsu babu guduro, uku daga ciki ma babu gidan mai. Ya tsaya a kan 79 mai ƙofa biyu, fara, mai tsohon injin silinda shida, da tanki biyu, jantin ƙarfe, tayar ajiya biyu da matacin ruwa. Ya bar kilim. Ya soke na'urar janye mota bayan an gaya masa nauyinta. A kan kujerun fata ne kawai ya ɗan yi gardama, ya ce mutum yana son in ya shiga gari a san ya shigo. Tsohon ya yi dariya ya ce: "Alhaji, kai da za ka zauna a rumfa, yaro ne zai tuƙa. Buhun gero kuma bai san fata ba." Kuɗin adon da aka soke ya biya duk abin da aka ƙara, har da ragowar da ya ajiye don tayoyin baɗi.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Nagari a nan shi ne wanda zai kai kayanka inda kake so, ya dawo da yaranka lafiya, in ya yi ciwo kuma a samu maganinsa a garinku. Kafin ka biya, ɗauki takardar ka kai wa bakanikenka, ka saurare shi ko da bai iya karanta ta ba.

A sati mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ƙananan kamyo masu ɗaukar tan uku zuwa biyar, da lokacin da ya kamata ɗan kasuwa ya koma gare su. Masu tambaya ko gyara suna iya aiko da wasiƙunsu ofishin jarida kamar yadda aka saba. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.